Dawar da Ba Ta Fitar da Kai Ba

Wata Lahadi ce a watan Fabrairu, ina 'yar shekara tara, na fara gane cewa Kaka za ta iya tafiya ta bar ni. Muna zaune a bencin ƙarshe na cocinmu da ke Catford, kusa da hita, domin nan ne kawai gwiwoyinta suke yarda su daina ciwo. Hasken safiya yana shigowa ta gilasai masu launi, yana zuba ja da shuɗi a kan farin ɗankwalinta, ni kuma ina tara hannu ina kama launin ina sakewa. Aka zo da kwandon baiko, ɗan kwandon nan da ake zagayawa da shi kowa ya jefa abin da ya kawo wa Allah. Momi ta yi abin da ta saba yi kowane mako, ta zura kwabo a tafin Kaka a ɓoye don ita ma ta jefa. Kaka ta buɗe hannu ta dube shi, ta mayar wa Momi a cinya. Da lokacin karɓar Jibi ya yi, wato gurasa mai tsarki, kowa ya tashi ya bi layi zuwa gaban bagade, ita kuwa ta janye ƙafafunta ta ba mutane hanya. Wata goma sha ɗaya ke nan da zuwanta London, ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga layin nan ba.

A bakin ƙofa, muna jiran layin gaisawa da Fada, Momi ta kasa haƙuri. Ta rage murya ta ce, "Mama, people are looking fa. Me ya sa ba za ki tashi ba?" Kaka ba ta iya rage murya ba, ba ta ma taɓa ganin amfanin yin haka ba. Ta ce, "Da hannun wa zan je? Wannan guminki ne, ba nawa ba. A gida ban taɓa zuwa gaban bagade hannu rabbana ba, ba kuma da tsufana zan fara ba. In abin ya ƙi, kafin Kirsimeti ku sa ni a jirgi." Sai muka ji wata murya a kanmu tana cewa, "Sannu Mama. Ina gajiya? Yaya sanyi?" Sabon Fadan da aka kawo mana ne, Fada Yohanna, dogo siriri mai tabarau, wanda wata uku muna jin Turancinsa ba mu taɓa zaton yana jin Hausa ba. Kaka ta kama hannunsa da hannu biyu ta ƙi saki. Ta tambaye shi garinsu, ta tambayi iyayensa, ta tambayi ko an samu damina a wajensu, har layin da ke bayanmu ya fara tari.

Kaka uwar Momi ce. Ita ta goye ni a ƙauyenmu da ke gindin duwatsu a kudancin Kaduna, har na shekara huɗu iyayena suka aiko a kawo ni. Abin da ya rage mini na ƙauyen kamar mafarki ne: rumbu mai hular ciyawa, ƙarar taɓarya tun da sassafe, wata akuya mai kunne ɗaya da take bin ni har bakin rafi. Da aka haifi ƙanena, Momi kuma tana aikin jinya a asibiti, Baba yana tuƙa bas, sai aka kawo Kaka ta riƙe mu. Muna hawa na huɗu a wani gidan haya na council, ni da ita gado ɗaya. Jikinta yana ƙanshin man kaɗe, kuma in ta yi dariya gadon gaba ɗaya yana motsi. Ta zo da tsintsiyarta daga gida, da ita take share kafet, na'urar shara kuwa ta ce ihu kawai ta iya. Tana gaida duk wanda ta tarar a lif, ta tambaye shi mutanen gida, ko ya amsa ko kada ya amsa. Ita take yi mini kitso ranar Asabar, ita take jira na a ƙofar makaranta cikin katuwar rigar sanyin Baba, ita ta koya mini carafke da duwatsun da muka tsinto a bakin hanya. Ba na ɓoyewa, a lokacin na fi son ta da kowa, har da Momi.

A wajen kitso ne take ba ni labarin yadda ake baiko a gida. Ta ce in girbi ya yi, mata suna shiga coci da damin dawa a ka, wasu da doya, wasu da kaza a hammata, wadda ba ta da komai ta zo da ƙwai biyu a 'yar ƙwarya. Ana kaɗa tulu ana waƙa ana takawa a hankali har gaban bagade. In an tashi, katikis, malamin coci, ya raba kayan, a kai wa gwauraye da marasa lafiya. A wurinta, wanda bai kawo abin da hannunsa ya noma ba baƙo ne a gidan Allah, baƙo kuma ba ya miƙa hannu a akushi sai an san da zuwansa. Momi ta yi bayani har ta gaji, ta ce ba haka koyarwar take ba, Jibi kyauta ne. Kaka ta ce ta sani sarai, amma kunya ba ta san koyarwa ba.

Ranar Talata da yamma Fada Yohanna ya hawo benenmu, yana haki don lif ya lalace. Ya wanke hannu ya ci tuwon semo da miyar kuka, ya yi ƙari, abin da ya ƙara masa daraja a idon Kaka fiye da rigarsa ta Fada. Na zaci zai yi mata wa'azi. Bai yi ba. Ya bar ta ta yi ta magana, yana gyaɗa kai, har shayinsa ya huce. Can ya ce, "Mama, in aka samu ƙasa, akwai iri?" Kaka ta dube shi ta dubi Momi, ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zani. Ta kwance ƙullin da ke haɓarsa, sai ga jar dawa, ba ta fi cikin tafi biyu ba. Momi ta dafe ƙirji ta ce, "Mama! Da wannan kika bi ta airport?" Kaka ta ce ba wanda ya tambaye ta.

A bayan cocin akwai wani fili mai koriyar ciyawa da ake yi wa aski duk mako, ba a yarda yaro ya taka ba sai ranar ɗaukar hoto. Shi Fada ya sa aka tone. Ya tsaya a gaban jama'a ya ce duk wanda hannunsa ya san ƙasa ya zo ya karɓi yanki, abin da aka noma kuma ba a kwando za a saka ba, da ƙafa za a taka a kawo shi gaban bagade a lokacin baiko. Daga nan ya wuce kicin. Dama tun zuwansa ya buɗe kicin ɗin zauren coci, kowace Asabar ana dafa abinci, duk mai jin yunwa ya shigo ya ci, ba a tambayar sunansa ko addininsa ko takardunsa. Tsakanin zauren da cikin coci akwai wata ƙofa da aka toshe da kabad ɗin tsofaffin littattafan waƙa tun kafin a haife ni. Ya tuɓe rigarsa, shi da Baba suka ja kabad ɗin gefe, ƙura ta tashi, aka buɗe ƙofar. Maganarsa ɗaya da har yau nake ji a kunnena ita ce, "Abin da ya hau bagade, a tukunya zai sauka."

Ba kowa ya ji daɗi ba. Akwai wata dattijuwar Baturiya mai kula da furannin coci, Misis Bridget, wadda Kaka take kira Madam Biriji. A kan ciyawar nan aka ɗauki hoton aurenta, a kanta aka ɗauki na 'ya'yanta. Ta ce coci ba kasuwa ba ce, ta ce ƙasa za ta ɓata kafet, har wasiƙa ta rubuta wa Bishop. A lokacin na tsane ta ƙwarai, ina murguɗa mata baki in ta juya baya. Yanzu da na girma na gane ita ma wani abu nata aka tone. Fada ya je gidanta shan shayi sau uku, ya dawo ya ware mata kusurwar da ta fi samun rana don furanninta. Ba ta daina ɗaure fuska ba, amma ta daina rubuta wasiƙa.

Aka raba fili. Wani tsoho ɗan Ireland ya shuka dankali, wata mata 'yar Philippines ta kafa wa kabewarta rumfa, wani ɗan Jamaica ya watsa alayyafo yana kiransa da wani suna daban. Kaka ta dubi shebur ɗin da aka miƙa mata ta ce wannan na kwasar yashi ne. Sai da Baba ya kai shi garejin abokinsa a Dagenham aka lanƙwasa masa wuya ya koma kamar fartanya, sannan ta sunkuya. Ranar na ga wata Kaka da ban sani ba. Gwiwoyin da suke ba ta wahala wajen hawa bas suka manta da ciwo. Ta ja kunya huɗu miƙaƙƙu, tana waƙa ƙasa-ƙasa da yarenmu, tsutsotsi suna fitowa, tattabaru suna bin bayanta. Ni aikina ɗebo ruwa a robobin madara da tsince duwatsu. Ƙasar baƙa ce mai sanyi, tana manne wa yatsu, ƙanshinta kuma ya tuna mini wani abu da na kasa kamawa.

A farkon Afrilu aka yi wani ruwa mai ɗan ƙarfi. Kaka ta leƙa taga ta shaƙi iska ta ce ruwan shuka ne. Tsohon nan mai dankali ya yi ta girgiza kai yana nuna sama, ya ce a jira, sanyi bai gama tafiya ba. Na fassara mata. Ta ce, "Ruwa ya sauka, me kuma ake jira?" Ta shuka rabin irin, tana sara da fartanya tana jefawa tana rufewa da diddige. Suka tsiro, 'yan sirara kore shar. Wata safiya muka biyo ta wajen kafin makaranta, muka tarar raɓa ta daskare a kansu, duk sun kwanta sun yi baƙi. Kaka ta daɗe a tsaye. A garinmu ruwa ne yake faɗa wa manomi lokaci, a nan kuwa ruwa ba ya faɗin komai, kullum zuba yake yi. Ta ƙulle sauran irin ta jira har ƙarshen Mayu, sai da mai dankali ya ɗaga mata babban yatsa sannan ta shuka. Bayan wannan babu sauran ko ƙwaya ɗaya a zanin.

Wannan karon dawa ta kama. Dodon koɗi ya so ya cinye ta tun tana ƙarama, Kaka ta nemi toka ta rasa, don gidan da ba murhu ba toka. Fada ya riƙa tara mata tokar kaskon turaren coci a gwangwani, tana barbaɗawa a gindin shuka, har gonarta ta riƙa ƙanshin Ista. Kurege ya tona, muka kore shi. Kwanaki suka yi tsawo, rana ta ƙi faɗuwa, Kaka tana mamakin garin da ake cin tuwon dare da hasken rana. Dawa ta kai gwiwata, ta kai kafaɗata, ta wuce kan Fada, ta leƙa bayan katanga. In muna saman bas mai hawa biyu muna hango ta tana kaɗawa a tsakanin jajayen rufin gidaje. A filin makaranta na cika wa yara baki cewa kakata tana da gonar da ta fi bas tsawo, na kwaso uku daga cikinsu suka zo suka gani da idonsu.

Hutun bazarar nan a cikin dawar na yi shi. Nakan kutsa tsakanin kunya biyu in zauna a ƙasa, ganye ya rufe ni. In iska ta taso, ƙarar ganyen tana shanye ƙarar motoci, sai in lumshe ido in ji kamar in na miƙe zan ga rumbu da akuyar nan mai kunne ɗaya. Haske yana saukowa kore-kore a kan hannuna. Daga nesa ina jin ƙarar tukwane a kicin, da muryar Fada yana gardama da wani a waya kan wata mata da aka kora daga flat ɗinta, da muryar Kaka tana koya wa matan coci kaɗa tulun da aka samo daga wani shago. A watannin nan baiko ya canja. An fara takowa da alayyafo da kabewa, ana waƙa da harshe uku ko huɗu, ana ajiyewa gaban bagade, in an gama a bi da su ta ƙofar nan zuwa kicin kowa yana gani. Kaka tana kaɗa musu tulu daga bencin ƙarshe, amma ba ta tashi. Tana jiran dawarta. Ni kuma duk jirgin da ya wuce ta saman gonar sai na bi shi da harara.

Satumba ta shigo, dawa ba ta yi ciki ba. Kowace yamma Kaka takan lanƙwaso kara ɗaya ta matsa samansa da yatsu, ko za ta ji kumburin zangarniya, ta sake shi. Sai da na girma na san dalili: dawarmu tana jiran kwanaki su gajarce kafin ta fitar da kai, a London kuwa kafin su gajarce sanyi ya riga ya iso. A lokacin ban san wannan ba, na ɗauka rowa ce kawai irin ta dawa. Na yi mata addu'a, na yi mata waƙa, na juye mata madarar da aka ba ni a makaranta. Ganyen ya fara ja daga gindi, ɓawon da ya naɗe karan ya koma ja wur. Wata yamma na ji Momi tana ce wa Baba a kicin, "Na yi booking ɗin ticket ɗin Mama, first week of December. Ta ce kada in ɓata lokaci." Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji kukana.

Sai na yi dabara irin ta mai shekara tara. Wata ƙawata a aji tana da ɗan tsuntsu a keji, ana sayo masa wani gero a jikin zangarniyarsa yana tsattsaga. Na roƙe ta guda uku. Na je gonar kafin Kaka, na hau kujera, na ɗaure su a saman kara da zaren kitso, na koma gefe ina jira. Kaka ta zo ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo. Ta lanƙwaso karan ta kwance zaren a hankali, ta murza zangarniyar a tafinta ta hura. Ta ce, "Saratu, uwar dawa ba ta haihuwar gero." Na fashe da kuka na ce ni dai kada ta tafi. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini alkawari ba. Ta share mini hawaye da bakin zaninta, ta ce in je in mayar da kujerar mutane.

Saura kwana takwas Lahadin godiyar girbi, ranar Asabar, Kaka ta ɗauki wuƙa ta sare dawar gaba ɗaya. Ta ce gara ta share wa mutane wuri kafin ta tafi. Muna jan karan zuwa wajen shara sai Hajiya Memuna ta fito daga kicin tana goge hannu. Hajiya Memuna Musulma ce 'yar Ghana, daga zangon Kumasi, maƙwabciyar coci. Tun ranar da ta leƙo ta ga yadda Fada yake dafa shinkafa ta ce wannan zalunci ne, ta karɓe ludayin, ba ta sake mayar masa ba. Hausarta daban ce, kowa "kai" ne a bakinta. Ta ga jan ɓawon nan ta yi salati ta ce, "Maama, kai zai zubar da wannan? Wannan ne ganye na waakye! Ni na nema shi London duka, ban samu mai kyau ba." Ta yi bayani cewa a wajensu da shi ake dafa shinkafa da wake, shi yake ba ta launi da ƙanshi. Kaka ta taɓe baki ta ce kara dai kara ne, ba a kai wa Allah kara. Fada yana tsaye a bakin ƙofa da buhun albasa a kafaɗa. Ya ajiye buhun, ya durƙusa ya fara ɓare jan ɓawon da hannunsa, ya ce in taya shi. Muka shanya shi a kan hitocin zauren, sauran karan kuma ya ɗaure ya jingina a lungu.

Asabar ta gaba ya aiko a ce wa Kaka yana neman taimako a kicin. Muka tarar Hajiya Memuna ta jefa ɓawon a katuwar tukunya da 'yar kanwa, ruwan ya koma ja kamar zoɓo. Ta zuba wake, ta zuba shinkafa, tururi ya cika zauren da wani ƙanshi mai kama da na rumbu in an buɗe shi. Fada ya miƙa wa Kaka ludayi ya ce ita za ta raba. Mutane suka shigo layi, masu manyan jakunkuna, masu turin yara, tsofaffin da ba su da kowa. Ana cikin haka wani mutum mai rigar masu gadi ya karɓi farantinsa, ya dubi launin shinkafar, ya tsaya cak. Ya kai loma ɗaya, ya ajiye cokali, ya rufe fuska da hannu. Da ya samu kansa ya ce da Hausar zango rabonsa da wannan abinci tun a hannun uwarsa, ya tambayi wanda ya kawo ganyen. Hajiya Memuna ta nuna Kaka da baki. Mutumin ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Aka cinye tukunyar tas, har ƙanzo aka kankare. Muna wanke-wanke Fada ya matso kusa da ita ya ce, "Mama, an ci, an ƙoshi. In wannan ba amfanin gona ba ne, ki faɗa mini sunansa." Kaka ta ci gaba da cuɗa tukunya.

Da safe ta ɗauro zaninta na zumuntar matan coci, ta ce in miƙo mata man kaɗe. Muka zauna a bencinmu na ƙarshe. Da lokacin baiko ya yi, aka fara kaɗa tulu, masu dankali da kabewa suka taru a bakin ƙofa, amma ba wanda ya taka. Fada ya ce a jira. Ya sauko daga bagade da cikakkiyar rigarsa, ya bi tsakiyar coci har baya, ya ɗauko damin karan nan daga lungu ya tsaya a gaban Kaka yana riƙe da shi. Coci ya yi tsit, sai tulu kawai. Kaka ta dube shi, ta dubi karan. Sai ta warware ɗan mayafinta ta naɗa gammo, ta sunkuyar da kai, ya ɗora mata. Ta miƙe. Ita ce a gaba, tana takawa a hankali irin takun da ta sha ba ni labari, karan yana shafar fitilu, hasken gilasai yana zuba a kansa. Madam Biriji ta bi bayan layin tana tsince ganyen da ya zuba a kafet. Da aka kai gaba ta ga za a ajiye damin a ƙasa, sai ta zare furanninta daga babban tulun da ke gefen bagade, ta nuna a sa shi a ciki. Da aka zo Jibi, Kaka ba ta janye ƙafafu ba. Ta kama hannuna muka shiga layi tare.

A bas ɗin komawa gida ba wanda ya yi maganar jirgi. Momi tana ta kallon taga, ni ina ta kallon bakin Kaka. Mun kusa sauka ta jawo haɓar zaninta ta kwance wani ɗan ƙulli. Geron tsuntsun nan ne da na ɗaura wa dawarta, ta murje shi ta adana. Ta ce, "Baɗi wannan za mu gwada. Gero ya fi dawa sauri." Momi ta juyo ta ce, "Mama, to ticket ɗin fa? In yi cancel?" Kaka ta ce, "Wa zai shuka, in na tafi?"

Shuka biyar ta ƙara yi a bayan cocin nan. Geron ya yi 'yan zangarniya ƙanana, tsuntsaye suka ci rabi, ta kai rabi. Dawa kuwa duk shekara sai ta sa an kawo mata iri, duk shekara ba ta fitar da kai, duk shekara Hajiya Memuna tana jiran ɓawonta. A nan London muka binne Kaka, Fada Yohanna ne ya yi mata addu'a da Hausa, daga baya aka mayar da shi gida. Yanzu ina zaune a Dagenham da 'yata, wadda nake yi wa Hausa tana amsa mini da Turanci. A cocin da muke zuwa akwai wata 'yar na'ura a bakin ƙofa, in na ɗora katin banki ta yi ƙara, baiko ya wuce ke nan, hannuna ko ƙura bai taɓa ba. Kwanaki na bi ta Catford na leƙa. An shafe gonar da kwalta ana ajiye motoci, amma ƙofar nan ta tsakanin bagade da kicin tana nan a buɗe, na kuma ji ƙarar tukwane. Na sayi jan ɓawon dawa a 'yar leda a wani shago, na zo gida na dafa, launin ya fito daidai, ƙanshin ne bai kai ba. Da na ɗauki kati ranar Lahadi sai na ji muryar Kaka tana tambaya, da hannun wa. Bana na cika tukunyar shuka da ƙasa a baranda, ina jiran ƙarshen Mayu.